Darasi: Kula da Sokawen Gida

Gidaje da dama a biranenmu sun bar masai na gargajiya sun koma banɗakin ruwa, irin wanda in mutum ya gama uzurinsa zai kwara ruwa ko ya danna maɓalli, komai ya wuce. Sai dai wucewar ba ta da nisa. In ka ɗebe wasu unguwannin Abuja, waɗanda bututun gwamnati ke kwashe ƙazantarsu ya kai ta matatar Wupa, kusan duk garuruwanmu ba su da irin wannan tsari. Abin da ya bar banɗakinka a Kano, ko Gusau, ko Maraɗi, yana nan kwance ƙarƙashin murfin simintin da ke ƙofar gida ko gefen tsakar gida, wurin da ake shimfiɗa tabarma da yamma, yara na tsalle a kai.

Yawancinmu ba ma tuna da sokawe sai ranar da wari ya buwayi mutanen gida, ko ruwa ya ƙi wucewa ya dawo banɗaki. A wannan rana an riga an makara, domin alamar ba ta fitowa sai ɓarna ta yi nisa a ƙarƙashin ƙasa. Abin da nake so ku fita da shi daga wannan darasi shi ne yadda za ku san halin da sokawenku ke ciki tun yana aiki lafiya, ku kwashe shi kafin ya cika.

Rami biyu ne, kowanne da aikinsa

Abin da muke haɗawa mu kira sokawe, in an gina shi yadda ya kamata, rami biyu ne. Na farko tanki ne da aka gina da bulo ko kankare, aka yi masa daɓe a ƙasa, aka shafe cikinsa da siminti yadda ko ɗigon ruwa ba zai fita ta bango ba. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Louis Mouras ake jingina wa ƙirƙirarsa, kuma ya yi rajistar fasahar a 1881. Tun daga lokacin tsarin bai canja sosai ba. Akan raba tankin gida biyu da bango a tsakani, ɗaki na farko ya ɗauki kamar kashi biyu cikin uku na tsawon tankin, na biyu ya ɗauki ragowar.

Aikin tanki shi ne ya tsayar da ruwan ƙazanta ya natsu, aƙalla kwana guda. Duk wanda ya taɓa ɗebo ruwan gulbi da damina ya zuba a randa ya san abin da ke faruwa: in aka bar shi ya kwana, laka ta kwanta a ƙasa, tarkace mara nauyi ya taso sama, ruwan tsakiya ya ɗan washe. Haka abin yake a cikin tanki. Mai nauyi ya nutse ya zama baƙar laka. Maiƙo da kumfa su taso su yi ɓawo a sama. A cikin lakar nan akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke rayuwa inda babu iska, suna cin ƙazantar suna rage yawanta. Suna ragewa ne kawai, ba sa cinye ta duka, shi ya sa lakar ke ƙaruwa kowace shekara.

Ruwan tsakiyar nan shi kaɗai ake so ya fita. Don haka ne ake sa wa bakin fita bututu mai siffar harafin T, wanda ƙafarsa ke nutse cikin ruwa, ƙasa da ɓawon sama, sama da lakar ƙasa. Daga nan ruwan ke gangarawa rami na biyu, ramin tsane ruwa. Shi ba a yi masa daɓe, kuma akan bar ƙofofi tsakanin bulo, ko a cika shi da manyan duwatsu, domin ƙasa ta riƙa shanye ruwan a hankali tana tace shi.

A nan ne asarar take. Idan laka ta yi yawa a tanki har ta kai bakin bututun fita, sai ta riƙa bin ruwa tana shiga rami na biyu, ta liƙe ƙofofin ƙasar da ke shan ruwa. Tanki in ya cika ana kwashe shi a yini ɗaya, ya koma kamar sabo. Amma ramin tsane ruwa in ya toshe, kwashewa ba ta cika gyara shi ba; ka kira mota yau, bayan 'yan makonni ya sake cika, har sai ka haƙa sabo. A fulotin da aka gine shi kaf, ina za a sami wurin sabon rami?

Ku sani kuma, ba kowane gida ne ke da rami biyu ba. Wasu magina, don rage kuɗin siminti ko don biyan buƙatar mai gini da ke son araha, rami ɗaya suke haƙawa mara daɓe su rufe, su ce sokawe ne. Irin wannan masai ne kawai da ake kwara wa ruwa, kuma ƙazantarsa ɗanya take ratsa ƙasa. Mai shirin gini ya tsaya a kan magininsa ya ga daɓe, ya ga bangon tsakiya, ya ga bututun T da idonsa kafin a zuba murfi. A bar kuma ƙaramar ƙofa mai murfin ɗagawa a kan kowane ɗaki. Na sha ganin gidan da aka shafe saman sokawe da siminti baki ɗaya har aka ɗora tayil, ranar kwashewa sai da aka kawo guduma.

Abin da bai kamata ya shiga ba

Abu uku aka yi tanki dominsu: bayan gida, fitsari, da ruwan da aka kora su da shi. Al'adarmu ta yin tsarki da buta tana taimaka wa sokawe ƙwarai, don ruwa ba ya barin tarkace. Abin da ke cika tanki da wuri shi ne abubuwan da ba sa ruɓewa: ƙunzugun jarirai na zamani, audugar mata, ledar ruwa, tsumma, gashin da aka tsefe, guntun soso. Ƙananan halittun nan ba sa iya cin leda. Duk abin da aka jefa yau, yana nan har ranar da za a biya kuɗi a fito da shi, in bai tsaya a wuyan bututu ya toshe shi tun a hanya ba. A ajiye ɗan bokiti mai murfi a banɗaki, a nuna wa yara da baƙi amfaninsa. Mata da yawa kunya ke sa su jefa auduga a masai don kada a gani, saboda haka bokitin ya zama mai murfi da leda a ciki, uwargida kuma ta yi wa 'yan matan gida bayani a keɓe.

Sai ruwa mai yawa. Tankunan gidajenmu ƙanana ne. Idan aka haɗa ruwan wanki da na wanka da na wanke-wanke duk aka tura ciki, ruwan ba zai sami damar natsuwa ba, zai dama lakar ya tafi da ita rami na biyu. Ruwan wanke-wanke kuma yana ɗauke da manja da kitse, waɗanda ke daskarewa su ƙara kaurin ɓawon sama. Ya fi kyau a yi wa waɗannan nasu kwatamin daban, mai murfi. Ruwan indararo kuwa ko kusa kada ya shiga. Ruwan sama na awa ɗaya daga rufin kwano ya isa ya cika tanki ya hautsina shi. Ku duba kuma akwatin ruwan da ke bayan tukunyar banɗaki. In yana yoyo dare da rana, wannan siririn ruwa da ba a damu da shi ba yana iya fin duk ruwan da mutanen gida ke korawa.

Akwai wata al'ada da nake roƙon ku bari. Idan sokawe ya fara wari ko ya kusa cika, sai a ce a zuba kananzir, ko baƙin mai, ko ruwan batir, ko buhun gishiri, ko kabaid, wai zai “cinye” ƙazantar ramin ya sauka. Ba ya sauka. Abin da waɗannan ke yi shi ne kashe ƙananan halittun da ke yi maka aiki kyauta, sannan su bi ruwa su ratsa ƙasa su nufi rijiya. Kabaid ya fi muni, don in ya haɗu da ruwa yana fitar da iska mai kama wuta. Wanke banɗaki da ɗan sabulu ko maganin wanki daidai misali ba ya cutar da tanki. Juye kwalba guda ta maganin kashe ƙwayoyin cuta kowane mako shi ne ɓarna. Hodar da ake tallatawa wai tana hana sokawe cika har abada, ku riƙe kuɗinku. Halittun da tanki ke buƙata suna zuwa ne tare da bayan gidan kansa.

Awon laka

Mu yi ɗan lissafi. A ƙiyasin masu aikin tsaftar muhalli, mutum ɗaya yana barin laka tsakanin lita 40 zuwa 60 a shekara. Mu ɗauki 50, wato jarka biyu masu cin lita 25. Gida mai mutum 10 zai tara lita 500 a shekara. Tanki mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, da zurfin ruwa mita ɗaya da rabi yana cin lita 3,000. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce a kwashe tanki in laka ta kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwan, wato lita 1,000 a wannan misali. Kun ga cikin shekara biyu lokaci ya yi. In gidan haya ne mai mutum 20 a kan wannan tanki, shekara ɗaya ce. Shi ya sa maganar da ake yi cewa a kwashe duk bayan shekara uku zuwa biyar ba ta dace da kowane gida ba. An yi ta ne don gida mai mutum huɗu ko biyar.

Lissafi ƙiyasi ne. Sanda ce ke faɗin gaskiya, kuma kowa zai iya wannan awo. A sami doguwar gora ko sanda wadda ta fi zurfin tankin. A naɗe ƙasanta da farin tsumma ko tsohon tawul, kamar tsawon mita ɗaya, a ɗaure tam da igiya. Mutum biyu za su yi aikin, da safe, bayan an kawar da yara. A ɗaga murfin ɗaki na farko, a ja baya, a bar shi ya sha iska na ɗan lokaci. Ba sigari, ba ashana, ba fitilar kwai ko aci-bal-bal a kusa, kuma kada kowa ya zura kansa ciki don ya leƙa. A huda ɓawon sama da wata sanda a ture shi gefe, sannan a zura mai tsumman a tsaye, a hankali. Da farko za ta wuce salin-alin cikin ruwa, can sai hannu ya ji ta fara nauyi, alamar ta shiga laka. A ci gaba da dannawa har ta taɓa daɓe. A riƙe ta a nan kamar minti uku, sannan a zaro ta a miƙe ba tare da juyawa ba.

Tsumman zai nuna layi biyu. Inda ya yi baƙi ƙirin da kauri, iyakar laka ke nan. Inda sandar ta jiƙe kawai, iyakar ruwa. A gwada da ma'auni ko da taƙi. In jiƙewar ta kai taƙi shida, baƙin ya kai taƙi biyu, a nemi masu kwashewa a wannan wata. A rubuta ranar da abin da aka samu a littafi, ko a bangon banɗaki da fenti. A binne tsumman, a wanke hannu da sabulu sosai. Sau ɗaya a shekara ya isa, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne bazara, watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwa ya sauka.

Tun da murfi na buɗe, a duba ko bututun T yana nan bai karye ba, da ko bango ya tsage. A ɗaga kai kuma a duba bututun da ke fitar da iskar tanki: ya kamata ya zarce rufin ɗaki, bakinsa da raga, don sauro yana ƙyanƙyasa a cikin sokawen da ya sami ƙofar shiga, haka ma kyankyaso.

Ranar kwashewa

Inda mota za ta iya shiga, motar zuƙa ta fi, don ba wanda ke taɓa ƙazanta. Sai dai ka tsaya a wurin. Wasu sukan zuƙe ruwan sama, wanda ya fi sauƙin ja, su bar lakar da aka kira su dominta. Ba laifi ba ne ka ce, “Malam, don Allah a sauke mesar har ƙasa, a dama lakar tukuna.” Mai aikin kirki zai yi, kuma sandarka za ta tabbatar maka kafin ka biya. A bar ɗan ragowar laka a ƙasa, kamar faɗin tafin hannu, ita ce irin da halittun za su sake yaɗuwa daga gare shi. Kada a wanke tankin da magani. Ka kuma tambaye su inda za su zubar. Motar da ta juye kayanta a kwata ko a bakin rafin da ake ban-ruwan latas da kabeji, ta dawo maka da ƙazantarka ne ta kasuwa. Lakar tanki ɗanya tana ɗauke da ƙwayayen tsutsar ciki masu daɗewa ba su mutu ba, don haka ba ta zama taki sai an binne ta ta shekara ɗaya zuwa biyu.

A lungunan cikin gari da mota ba ta shiga, masu yasa da hannu ake kira, waɗanda a Kano ake ce wa 'yan gidan-kowa-da-akwai. Mutane ne da ke yi wa gari aikin da ba kowa zai iya ba, kuma haƙƙinsu a kanmu ya wuce kuɗin aiki. Maigida ya tabbatar suna da takalmin roba da safar hannu, ya tanadar musu ruwa da sabulu, ya kuma nace a yi aikin daga sama da guga mai doguwar igiya.

Dalilin nacewar shi ne iskar da ke cikin tanki. Ruɓewar ƙazanta tana fitar da iska iri biyu masu haɗari. Ɗaya tana kama wuta har ta fashe murfi. Ɗayar, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasan rami take kwanciya. In ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ramin ya huce, alhali numfashi kaɗan ya isa ya sumar da shi. Yadda musibar ke faruwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina: waya ko kuɗi ya faɗa, ko bututu ya toshe, wani ya sauka, aka ji shiru. Ɗan'uwansa ya bi shi don ya ceto shi, shi ma shiru. Na uku ya bi. Ku faɗa wa 'ya'yanku maza wannan da babbar murya: ba wayar da ta kai rai. In har wani ya faɗa, kada kowa ya bi shi. A buɗe duk murafen da ke akwai, a jefa igiya ko tsani daga sama, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112 nan take.

Sokawe da rijiya

A 1854 annobar amai da gudawa, wato kwalara, ta ɓarke a unguwar Soho da ke birnin Landan, ta kashe mutum sama da 600. Wani likita, John Snow, ya bi gidajen mamatan ɗaya bayan ɗaya, ya gano yawancinsu ruwan famfo ɗaya suke sha, na titin Broad. Ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Da aka tona wurin daga baya, sai aka tarar da wani tsohon ramin ƙazanta yana yoyo, tsakaninsa da rijiyar famfon bai kai mita ɗaya ba, kuma a cikinsa aka zubar da ruwan wankin ƙunzugun wata jaririya mara lafiya. Mutanen unguwar suna son ruwan famfon nan, don a ido garau yake.

Wannan labari bai tsufa ba a wurinmu. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, sama da 3,500 suka rasu, kuma jihohin Bauci da Kano da Jigawa da Zamfara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Kwalara da taifod hanyarsu ɗaya: bayan gidan mai cuta ya shiga ruwan sha ko abinci. Sokawe mai yoyo kusa da rijiya yana cikin hanyoyin nan.

Tazarar da aka fi ba da shawara tsakanin ramin tsane ruwa da rijiya ita ce mita 30, kusan ƙafa 100, kuma ƙasan ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina. In wurin gangare ne, rijiya ta kasance a tudu, sokawe a gangare. Yanzu ku tuna fulotinmu: ƙafa 50 a 100, wasu ma 50 a 50. Da ƙyar tazarar ke fita a gida ɗaya, kuma ko ta fita, sokawen maƙwabci yana iya kasancewa a bayan katangar da rijiyarka ke jingine da ita. Saboda haka maganar ta wuce gida ɗaya. Kafin a haƙa, maƙwabta su zauna su nuna wa juna inda rijiya take da inda rami yake, in da hali a jera ramuka a gefe ɗaya na layi, a kuma nemi shawarar duba-gari. Inda aka riga aka gina kuma tazarar ta gaza, ruwan rijiyar ya tsaya ga wanki da shara. Na sha a tafasa shi ko a sa masa maganin tsabtace ruwa.

Irin ƙasar wuri ma abin lura ce. Ƙasar jigawa tana shan ruwa da sauri, amma don saurin ba ta tace shi sosai. Ƙasar yumɓu da ta fadama ba sa sha, sai ramin ya yi ta tumbatsa a watan Agusta. A irin wannan lokaci kada a yi gaggawar zuƙe tanki ƙarƙaf alhali ƙasa na jiƙe sharkaf, don nauyin ruwan waje yana iya tsaga bangon tankin da babu komai a ciki. A rage amfani da ruwa, a rage kaɗan daga sama in ya zama dole, a jira ƙasa ta tsane. Kada a dasa darbejiya ko mangwaro kusa da ramin, saiwarsu tana bin danshi ta fasa bulo. Kada kuma a ajiye mota ko a sauke tifar yashi a kan murfin.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya gano ko sokawen gidansu rami ɗaya ne ko biyu, ya tambayi shekarar da aka kwashe shi na ƙarshe, ya ƙirga mutanen da ke amfani da shi, ya yi lissafin lakar da suke tarawa a shekara. Sannan ya auna da taku nisan da ke tsakanin ramin da rijiya mafi kusa, ko ta maƙwabta ce. Masu zaman haya su tuntuɓi mai gida ko wakilinsa kafin su ɗaga murfi. Ku zo da abin da kuka samu a rubuce mako mai zuwa, za mu yi lissafin kowane gida a kan allo.